Makomar Manyan Faya-fayan Ajiya na Kwamfuta



Abin da za mu yi nazari a kansa yau shi ne faifan ajiya na kwamfuta, watau na'urar nan da ke riƙe bayanai ko da an kashe wuta, da kuma inda ya dosa. Batun ya shafi kowa a wannan zaure, domin takardun albashi da na fansho, da sakamakon jarrabawa, da rubutun ajami da aka ɗauki hotonsa, da waƙoƙin baka da aka juyo daga kaset, muddin an shigar da su kwamfuta, to, a ƙarshe kan irin wannan faifai yawancinsu ke kwanciya. Abin da nake so in nuna shi ne, faifan ba mutuwa zai yi ba, komawa zai yi babban rumbu. Kuma girman rumbu dabam, tsaron hatsi dabam.

Yadda Faifan ke Aiki

Wanda ya san garmaho ya kama hanyar gane shi. A cikin akwatin ƙarfe da bai fi ɗan littafi ba akwai faya-fayai a jere, ɗaya bisa ɗaya, an shafe fuskar kowanne da ƙananan ƙwayoyin maganaɗisu. Suna juyawa, wani hannu yana kai allura ko'ina a kansu. Bambancinsa da garmaho shi ne wannan allura ba ta taɓa faifai, shawagi take yi a bisansa da tazarar 'yan nanomita, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Rubutu shi ne allura ta juya fuskar ƙwayoyin nan zuwa wannan gefe ko wancan, karatu kuma shi ne ta gane inda suka fuskanta. Ma'aunin ajiya sunansa bait, kuma bait ɗaya yakan ɗauki harafi ɗaya na boko, ko da yake haruffanmu masu lanƙwasa, irin su ƙ da ɗ da ɓ, bibbiyu suke ci a tsarin da aka fi amfani da shi. Bait miliyan ɗaya shi ne megabait, megabait dubu gigabait, gigabait dubu kuma terabait.

Asali da Bunƙasa

Kamfanin IBM ne ya fito da faifan farko a 1956, a garin San Jose na jihar Kalifoniya ta Amurka. Yana da faya-fayai 50, faɗin kowanne inci 24, amma duk abin da yake ɗauka haruffa miliyan 5 ne. A 1980 kamfanin da aka sani yanzu da Seagate ya ƙera mai ɗaukar megabait 5 wanda zai shiga ƙaramar kwamfuta. A 1988 Albert Fert na Faransa da Peter Grünberg na Jamus, kowanne a nasa ɓangaren, suka gano wata ɗabi'a ta maganaɗisu wadda ta ba da damar ƙera allura mai jin alamar da ta yi rauni ƙwarai, har aka ba su lambar Nobel a 2007. Shi kuwa Shun-ichi Iwasaki na Jami'ar Tohoku a Japan, tun cikin shekarun 1970 ya nuna cewa in aka tsayar da maganaɗisun ƙwayoyin a tsaye maimakon a kwance, za a sami ƙarin wuri. Dabarar ta shiga kasuwa a 2005. A 2007 Hitachi ya fitar da faifai mai terabait 1, sa'an nan a 2024 Seagate ya sanar da mai terabait 30, watau ninkin na 1956 sau miliyan 6.

Katangar da Aka Tarar

Duk wannan ci gaba a kan abu guda ya dogara: rage girman ƙwayoyi don a cusa da yawa a wuri ɗaya. To, amma ragewar tana da iyaka. In ƙwaya ta cika ƙanƙanta, ɗumin ɗaki kawai ya isa ya juya fuskarta, rubutu ya goge da kansa. In aka nemi sinadari mai taurin da ɗumi ba zai juya shi ba, sai ya gagari allura, domin ita ma an ƙanƙanta ta, ƙarfinta ya ragu. Kamar mai rubutu ne da ke tsakanin yashi da dutse: yashi yana karɓar rubutu amma ba ya riƙewa, dutse yana riƙewa amma ba ya karɓa.

Da farko masu ƙira kewaye katangar suka yi. A 2013 kamfanin HGST ya cika akwatin da iskar hiliyom, wadda ta fi iskar da muke shaƙa sauƙi nesa ba kusa ba, saboda haka girgiza ta ragu, aka sami damar jera faya-fayai sirara har goma ko sha ɗaya a akwati guda. Wata dabarar ita ce ɗora layin rubutu a kan gefen na kusa da shi, kamar yadda kafinta ke jera kwanon rufi. Ana samun ƙarin wuri, sai dai wanda zai sauya kwano ɗaya a tsakiya dole ya ɗaga na maƙwabta, don haka gyaran rubutu yakan yi nawa.

Dabarar da ta fuskanci katangar kai tsaye ta maƙera ce, waɗanda suka ce da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Ana shafe faifai da haɗin ƙarfe da filatinam mai tsananin tauri, a ɗora wa allura ɗan ƙaramin hasken leza. Lokacin rubutu hasken yana gasa ɗigon da za a rubuta har zafinsa ya wuce digiri 400 a ma'aunin Salshiyos, ya yi laushin karɓar rubutu, sa'an nan ya huce cikin lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na sakan ba, rubutun ya kafu. Seagate ya gwada wannan dabara tun 2002, amma sai bayan fiye da shekara 20 ta kai ga sayarwa da yawa, saboda wuyar ƙera allurar da za ta jure wannan zafi shekara da shekaru. A 2025 ya sanar da mai terabait 36. Shi da Western Digital sun bayyana burin kaiwa terabait 100 wajejen 2030 ko 'yan shekaru bayanta. Ya kamata a saurari irin wannan alkawari ana tuna shekaru 20 ɗin nan.

Ina Aka Dosa?

A wayoyinmu da ƙananan kwamfutoci faifai ya riga ya sha kaye a hannun ma'ajiyar filash, wadda ba ta da abin da ke juyawa, ta fi sauri, ta kuma fi jure faɗuwa. Amma a manyan cibiyoyin ajiyar bayanai, inda ake lissafin kuɗin kowane terabait, faifai ya fi filash araha ninki da yawa, ga shi kuma hotuna da bidiyo da bukatun ƙirƙirarriyar basira kullum ƙaruwa suke yi. Saboda haka aiki ya rabu uku, kamar a gidan manomi: filash shi ne kwanon awo na cefanen yau, faifai shi ne rumbu, zaren kaset na maganaɗisu kuwa, wanda har yanzu ake ƙerawa don ajiya mai nisa, shi ne hatsin da aka tanada saboda shekarar fari.

Sai dai akwai matsaloli biyu. Ta farko, rumbu yana girma, ƙofarsa ba ta girma tare da shi. Gudun juyi 7,200 a minti ɗaya ya shigo tun 1992, kuma a kansa manyan faya-fayai suke har yau. Ko da faifai zai karanta megabait 300 a sakan, sai ya shafe fiye da awa 27 kafin ya kwashe terabait 30. In ɗaya ya lalace, sake gina abin da ke cikinsa daga 'yan'uwansa yana iya cin kwanaki, kuma in na biyu ya bi shi a cikin kwanakin nan, asarar takan yi muni. Wannan ne ya sa aka fara ƙera masu hannu biyu da ke aiki a lokaci guda. Ta biyu, kamfanoni fiye da 200 sun taɓa yin wannan sana'a, amma uku suka rage: Seagate da Western Digital da Toshiba. Da ambaliya ta ci masana'antu a ƙasar Tailan a 2011, farashi ya tashi a duniya baki ɗaya.

Kammalawa

Jama'a, a zamanin takarda gobara sai ta cinye ɗaki bayan ɗaki kafin ta gama da tarihin ma'aikata guda. Yau abin da ya fi haka yawa yana iya zama cikin akwati ɗaya da za a riƙe a tafin hannu, ya kuma tafi a faɗuwa ɗaya. Faifai na'ura ce mai motsi, tana tsufa, ba ta son zafi ko girgiza ko wutar da ke ɗaukewa tana dawowa. Don haka ma'aikacin da aka damƙa wa amanar bayanai kada ya tsaya ga tambayar nawa faifai ke ɗauka. Ya tambaya kwafi nawa ake da shi, ko akwai ɗaya a wani gini dabam, yaushe aka gwada karanta shi, kuma wa zai juye shi zuwa sabon faifai kafin tsohon ya gaza. Magabata sun ce ajiya maganin wata rana, amma ajiyar da ake leƙawa suke nufi.