Gidajen gem: me ya sa sabon inji ba ya karɓar tsohon faifai?



A garuruwanmu yau da wuya ka ratsa bakin tasha ko bayan kasuwa ba ka ji ihun samari daga wata rumfa ba: talabijin biyu ko uku, benci, da wayoyin manet sun sarƙe da juna. Gidan gem ke nan. Sana'a ce ƙarama amma tana ciyar da gida, kuma sau da yawa jarinta daga ci-rani yake zuwa. Wa ya tara ƴan kuɗinsa, ya sayi inji, ya aiko wa ƙane don ya samu abin yi da rani. Ƙorafin da ake yawan ji shi ne an aiko PlayStation 4 mai tsada, an ɗauko faya-fayan PlayStation 2 da ke cike da kwali an saka, inji ya ƙi. Sai a ce ɗan kasuwa ya yi cuta, ko kuma kaya sun lalace a hanya. Ba ko ɗaya. Kamfani ɗaya ne ya ƙera su, wato Sony na Japan, suna ma iri ɗaya, amma kayan cikinsu ba dangin juna ba ne. A tsakanin injinan biyu, kamfanin ya sauya wanda yake sayen kayan ciki a hannunsa har sau biyu.

Bari mu fara da abin da ke cikin akwatin. Kowane injin gem yana da ƙwaƙwalwa iri biyu. Ɗaya tana lissafi: ina ƙwallo ta nufa, wa ya yi keta, minti nawa ya rage. Ɗayar kuma aikinta zane, ita ce ƙwaƙwalwar hoto, wadda masu gyaran kwamfuta a nan suke ce wa kart girafik. Ciyawar fili, rigar ɗan wasa, inuwarsa, duk ita ke zana su sabo fil, har sau 50 ko 60 a daƙiƙa guda, shi ya sa ido ke ganin motsi. Tana cikin kayan da suka fi tsada a injin, kuma ita da ƴar uwarta ne ke shan kuran suna fitar da zafi. Mai rubuta wasa yana rubuta shi ne da yaren da waɗannan ƙwaƙwale biyu ke ji. In aka sauya su, yare ya sauya. Kamar dai ka ɗauko fistan na Kasea ka ce sai ya hau Boxer. Duka babura ne, amma ba ya hawa. Ko wasan a faifai yake ko an zuba shi a kile, matsalar ɗaya ce.

Wannan sauye-sauye ba yau aka fara shi ba. Kakannin gidajen gem namu su ne manyan ɗakunan wasa na Japan da Amurka, inda inji ke tsaye kamar firij, ka jefa kwabo ko jeto kamar yadda ake yi a bebi-fut, ka yi wasa. Kamfanin Sega yana cikin sarakunan wannan harka. Da ya so hoton da ya fi na kowa, sai ya je wajen masu ƙera na'urar koya wa sojoji tuƙin jirgin sama a Amurka. Da fasaharsu aka yi wasan tseren mota Daytona USA, sannan a 1996 aka fitar da allon inji mai suna Model 3 da ƙwaƙwalwar hoto ta kamfanin Lockheed Martin, wanda aka fi sani da jiragen yaƙi. Hoto ya yi kyau ƙwarai, sai dai tsada. Mai ɗakin wasa sai ya daɗe yana tara kwabbai kafin inji ya mayar da kuɗinsa.

Saboda haka Sega ya nemi mai araha, kuma ya yi wata dabara: ƙwaƙwalwa iri ɗaya a injin ɗakin wasa da injin gida, yadda wasan da aka rubuta sau ɗaya zai ci kasuwa biyu. Kamfanoni biyu suka nemi wannan ciniki. Akwai 3dfx na Amurka, wanda kayansa ke cikin injinan ɗakin wasa na Atari da Midway, akwai kuma NEC na Japan da ke ƙera wata ƙwaƙwalwa mai suna PowerVR da wani kamfanin Ingila ya zana. A 1997 Sega ya juya wa 3dfx baya ya ɗauki ta NEC. 3dfx ya kai ƙara kotu, aka sasanta a 1998, shekarar da injin gida Dreamcast da ɗan uwansa na ɗakin wasa, NAOMI, suka fito. Kafin ƙarshen 2000, 3dfx ya durƙushe, Nvidia ya saye kayansa. Sega kansa bai zauna wuri ɗaya ba. Da ya daina ƙera Dreamcast a 2001, sai ya koma aron cikin injinan wasu: allon Chihiro daga Xbox mai ƙwaƙwalwar Nvidia, allon Triforce daga GameCube mai ta ATI. Daga 2005 kuwa sai ya koma haɗa injinansa da kayan kwamfuta irin na kasuwa. Cikin shekara goma, hannu huɗu ke nan.

Labarin da ya fi nuna inda gizo ke saƙa shi ne na Microsoft. A 2001 ya fitar da Xbox na farko da ƙwaƙwalwar hoto ta Nvidia. To, ku sani fa masu ƙera injin gem ba a jikin injin suke cin riba ba. Sau da yawa faɗuwa suke yi a kansa, su fanshe a kuɗin wasanni. Abin da ke ceton su shi ne kowace shekara kuɗin ƙera kayan ciki yana sauka. A watan Mayu na 2002 Microsoft ya rage kuɗin Xbox daga dalar Amurka 299 zuwa 199 don ya yi gogayya da Sony, amma zanen ƙwaƙwalwar mallakar Nvidia ne, shi ke sayar masa da ita a kan farashin da aka yi yarjejeniya. Rigima kan farashi ta kai su gaban masu sulhu a 2002, ba a kashe ta ba sai watan Fabrairu na 2003. Watanni kaɗan bayan haka Microsoft ya sanar da cewa injinsa na gaba da ATI zai yi. A wannan karo ya sayi hakkin zanen ne, ya kai masana'antar da ya ga dama ta ƙera masa. Duk manomin albasa na Galmi ko Madawa da ya taɓa cin bashin taki a hannun ɗan kasuwa guda, ya dawo dole shi zai sayar wa a farashin da aka yanka tun kafin a cire albasa, ya san abin da Microsoft ya guje wa.

Sai mu dawo kan Sony, tunda kayansa ne suka cika rumfunanmu. PlayStation 2 ya fito a 2000 da ƙwaƙwale na gida, waɗanda Sony ya yi da taimakon Toshiba. An sayar da fiye da miliyan 150, ba a daina ƙera shi ba sai farkon 2013. PlayStation 3 ya zo a 2006 da sabuwar ƙwaƙwalwar lissafi mai wuyar sha'ani da kuma ƙwaƙwalwar hoto ta Nvidia. Don kada masu tsofaffin faya-fayai su yi fushi, Sony ya dasa kayan PlayStation 2 ɗungurungum a cikin na farko-farko, inji biyu a akwati ɗaya. Kuɗinsa ya kai dalar Amurka 599, kuma duk da haka faɗuwa kamfanin ke yi. Daga ƙarshen 2007 sai aka fara fitar da waɗanda aka cire musu waɗannan kaya don a rage tsada, daga nan kuma suka daina karɓar faifan PlayStation 2.

A 2013 aka sake sauya hannu. PlayStation 4 ya koma wajen AMD, kamfanin da ya saye ATI tun 2006. Abin da AMD ya kawo wanda abokin gogayyarsa ba shi da irinsa a lokacin shi ne ƙwaƙwalwar lissafi irin ta kwamfuta da ta hoto a manne a guntu ɗaya. Guntu ɗaya ya fi biyu araha, ya fi sauƙin sanyayawa, kuma masu rubuta wasa sun riga sun san yarensa. Injin ya fito a dala 399. Microsoft ma wajen AMD ya yi nasa a shekarar. Abin da aka rasa shi ne baya: PlayStation 4 ba ya karɓar faifan na 3, balle na 2. Da PlayStation 5 ya zo a 2020 kuwa, ba a sauya hannu ba, AMD ɗin ne dai, shi ya sa kusan duk wasannin na 4 suna tashi a kansa.

Nintendo shi hanyarsa daban. Bayan shekaru yana tare da ATI da AMD, a 2017 ya koma wajen Nvidia don injinsa na hannu, Switch, saboda yana buƙatar ƙwaƙwalwar da za ta rayu a kan batir.

Wannan batu na cin wuta, a ganina, shi ya fi shafar mu, ya fi kyan hoto nesa ba kusa ba. PlayStation 2 ba ya wuce wat 50, siririn ma bai kai haka ba. PlayStation 3 na farko, mai ƙiba, yana kusantar wat 200 in ana wasa, haka ma PlayStation 5. A cikin gari inda layin NIGELEC ya kai, da sauƙi, ko da yake ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba ƙasarmu, kuma tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 ba za ta ɗauki nauyin jiha gaba ɗaya ba. A ƙauyukan Buza da Keita kuwa, inda rumfa ke tafiya da fano da batir ko ɗan gurup, wutar da inji ɗaya na zamani zai sha ta isa ta riƙe PlayStation 2 huɗu. Huɗu kuwa benci huɗu ne na masu biya.

Ga kuma zafi. Injinan zamanin 2005 da 2006 sun yi ƙaurin suna wajen mutuwa saboda zafi, har Microsoft ya ware fiye da dala biliyan 1 a 2007 don gyaran Xbox 360 da suka lalace. A ƙasashen sanyi ke nan fa. Ku auna da rumfar kwano a watan Afrilu ko Mayu, zafi ya haura 40, ga ƙurar hunturu ta toshe fanka tun watannin baya. In PlayStation 3 mai ƙiba ya nuna ƴar wutar nan ruwan ɗorawa ya mutu, mai gyara kan hura masa iska mai zafi ya farfaɗo, amma sau da yawa ba ya daɗewa. Don haka kada a yi wa mai rumfar da ya riƙe tsohon PlayStation 2 kallon wanda aka bari a baya. Wasan ƙwallo na ƙarshe da Konami ya yi wa injin shi ne PES 2014, amma masu iya kwamfuta suna ta sabunta sunayen ƴan wasa da rigunansu, yara kuma ba su fasa layi ba.

Ga ƴan uwa da ke shirin aiko inji, kafin ku biya ku kira gida ku tambayi wane irin wasanni da manet ke akwai, da kuma irin wutar da rumfar ke amfani da ita. In PlayStation 3 ne aka ce muku yana karɓar faifan na 2, ku ƙirga ramukan kile da ke gabansa: masu huɗu ne ke karɓa, masu biyu ba sa yi, kuma masu huɗun su ne tsofaffin da suka fi shan wuta da zafi. In PlayStation 5 ne, akwai wanda ba shi da bakin faifai sam, komai sai ta intanet ake sauke shi, abin da zai cinye kuɗin rumfa a sayen kiredi. Manet na 4 yana aiki a kan na 5, amma a wasannin na 4 kaɗai. Sannan ku juya bayan injin ku karanta abin da aka rubuta game da wuta. PlayStation 2 mai ƙiba da ya fito daga Amurka na wuta 120 ne, tamu kuwa 220 ce. In aka jona shi kai tsaye ba tare da taransifoma ba, ƙonewa zai yi nan take.