Mi ya sa ruwa ke ɗaukar jikin mutum, kuma mi ya sa yake cin mutane?

Da damina ta kankama tabkuna kan cika, kududdufan da aka haƙa ƙasar bulo su ma su tumbatsa, yara su yi ta zuwa wanka. Daga tabkin Madarunfa zuwa Tabalak da Gidimuni, har bakin kogin Isa a Yamai, kowa ya san gidan da ruwa ya taɓa sa kuka. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a shekarar 2021. Alhali jikin mutum, yadda yake, yana iya tsayawa bisa ruwa. To ina matsalar take?

Duk mai jan ruwa a rijiya ya san wani abu: guga cike ba ta da nauyi muddin tana cikin ruwa, sai ta fito ne hannu ke jin ta. Dalili shi ne ruwa yana tura duk abin da ya shiga cikinsa zuwa sama. Ƙarfin turawar daidai yake da nauyin ruwan da abin ya ture daga wurinsa. Wani masani Bagirke mai suna Arkimidis, mutumin tsibirin Sisili, wanda ya mutu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ya fara bayyana wannan ƙa'ida.

Lita ɗaya ta ruwan daɗi kilo ɗaya ce. Abin da litarsa ba ta kai kilo ba zai taso, wanda ta wuce kilo zai nutse. Shi ya sa man gyaɗa ke hawa bisa ruwa, ƙaton ƙwarya ta yi ta yawo, tsakuwa ƴar ƙarama kuwa ta tafi ƙasa.

Jikinmu gauraye ne. Ƙashi ya fi ruwa nauyi sosai. Tsoka ta ɗara shi kaɗan, wajen kilo 1.06 a lita. Kitse bai kai shi ba, wajen kilo 0.9. In an haɗa su duka, jiki da ruwa kusan kunnen doki suke yi. Mai raba gardama shi ne huhu. Huhun babban mutum na iya ɗaukar iska har wajen lita 6, iska kuwa kusan ba ta da nauyi. In ƙirji ya cika, mutum ya taso. In ya fitar da iskar, ya fara yin ƙasa. Wannan ne ma ya sa mai jiki ya fi siriri mai ƙarfin tsoka sauƙin tsayawa bisa ruwa.

Gishiri shi ma yana da tasa rawar. Ku gwada a gida: ɗanyen ƙwai sabo yana nutsewa a kofin ruwa, amma in an narka gishiri da yawa sai ya taso. Ruwan teku na da gishiri wajen giram 35 a lita. Mataccen Teku da ke iyakar ƙasar Jodan ya ninka haka kusan sau goma, mutum na kwanciya a kansa ba ya nutsewa. Mu ruwan tabkunanmu na daɗi ne, ɗaukarsa ba ta kai haka ba.

Ga inda haɗarin yake. Tunda jiki da ruwa kusan ɗaya suke, ɗan yanki kaɗan ne kawai ke iya zama a waje. Kan babban mutum ya kai kilo 4 zuwa 5. Wanda ya firgita yakan miƙe tsaye cikin ruwa, ya ɗaga kai da hannuwa sama, ya yi ƙoƙarin ihu. Duk gaɓar da ya fitar waje, ruwa ya daina ɗaukarta, nauyinta ya danna shi ƙasa. Iskar ƙirji ta fice, ruwa ya shiga, shi ke nan. Sau da yawa ma abin kan faru shiru, ba a ji muryar yaro ba.

Saboda haka mu koya wa yaranmu da kanmu: in ka faɗa ruwa mai zurfi, ka kwanta rigingine, kunnuwa cikin ruwa, hanci da baki sama. Ka buɗe hannuwa da ƙafafu amma su zauna cikin ruwa, ka riƙa numfashi a hankali ƙirji cike.

In ka ga wani yana nutsewa kuma ba ka ƙware a iyo ba, kada ka faɗa, don zai ƙanƙame ka ku tafi tare. Miƙa masa sanda ko igiya, ko ka jefa masa jarka wadda ba komi ciki, a rufe da marfinta. Jarka mai lita 20 na iya tallafe kusan kilo 19, ya ishi a riƙe kan mutum sama. Dabarar da masunta ke yi da gora ke nan tun kaka da kakanni. In an fito da shi, kada a ɓata lokaci ana juya shi kai ƙasa wai a zubar da ruwa. In ba ya numfashi, a hura masa iska baki da baki, a danna ƙirji, a kira ƴan kwana-kwana ko a garzaya asibiti mafi kusa.

Korama mai gudu kuwa lissafinta daban ne: ko jiki ya taso, ƙarfin ruwa zai ja shi ya buga da itace ko gada. In ta kawo, a jira ta wuce. Ƴan uwa na ƙetare, in kun kira gida a daminar bana, ku tambayi wa ke kula da yara in sun nufi tabki. Allah ya kiyaye mu da iyalanmu.