Fomular sinadarai: Lissafin da ke raba ɗalibai da maki a jarrabawa

Duk shekara, ɗaliban kimiyya da ke zana jarrabawar WAEC da NECO da JAMB sukan ci karo da tambayar da ke neman su rubuta fomular wani sinadari. Da yawansu haddar fomulolin suke yi, kuma da an kawo wanda ba su haddace ba sai su kakare. Alhali ƙa'idar guda ɗaya ce: a sinadaran da ayon ke haɗawa, dole cajin tarawa da cajin debewa su yi daidai, jimlarsu ta zama sifili.

Ayon shi ne ƙwayar zarra, ko gungun zarra, da ta bayar da ilektoron ko ta karɓa. Gishirin miya ne misali mafi sauƙi. Sodiyam na da caji +1, kilorin na da -1, don haka ɗaya ya ishi ɗaya: NaCl. Shi kuwa kalsiyam +2 gare shi, sai an ba shi kilorin biyu, wato CaCl₂.

Idan lambobin sun sha bamban, ana musanya su. Alminiyam +3 ne, oksijin -2, sai 3 ta koma ƙarƙashin oksijin, 2 ta koma ƙarƙashin alminiyam: Al₂O₃. Shida ta tarawa ta kashe shida ta debewa ke nan. In kuma lambobin iri ɗaya ne, ba a rubuta su. Dutsen farar ƙasa da ake yin siminti da shi a Ashaka da Sakkwato, kalsiyam +2 ne da kabonet -2, shi ya sa ake rubuta CaCO₃.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne wurin sa baka. Amoniyam, NH₄, gungu ne mai caji +1, salfet, SO₄, kuma -2. Tunda amoniyam biyu ake buƙata, sai a killace shi cikin baka: (NH₄)₂SO₄. Wannan shi ne takin zamanin da ake rubuta kashi 21 cikin ɗari na naitirojin a buhunsa, kuma daga fomular adadin ya fito: nauyin naitirojin 28 cikin jimlar 132. Wanda ya manta 2 ɗin nan zai samu 14 cikin 114, kusan kashi 12, duk lissafin da ya biyo baya kuma ya rushe.

Akwai kuma ƙarafa masu caji fiye da ɗaya. Baƙin ƙarfe yakan zo da +2 ko +3, shi ya sa ake sa lambar Romawa, II ko III, a sunansa. Mai +2 ne ke cikin FeSO₄, sinadarin ƙwayar ƙarin jini da ake bai wa masu juna biyu.

Don haka abin da ya kamata ɗalibi ya riƙe a ka shi ne cajin ayon da aka fi amfani da su. Kafin ya wuce tambaya ta gaba, ya tara cajin. In bai ga sifili ba, akwai gyara.