Masu rabon maganin damina: waye ke riƙe da ragamarsu?

Da zarar ruwa ya zauna a ƙasar Daura, gero ya kai gwiwa, sauro ma ya samu gida. A waɗannan watanni ne zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara ƙanana, kuma a lokacin ne ake ganin mutane bibbiyu, galibi mata cikin hijabi, da jaka da takardar ƙidaya da ɗan guntun alli, suna sallama gida gida.

Aikin ya samo asali ne daga shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2012, cewa a riƙa ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 maganin kariya sau ɗaya a wata har damina ta wuce. A 2013 ƙungiyar Malaria Consortium ta fara gwada shi a Jihar Katsina, kuma cikin ƙananan hukumomin da aka soma da su har da Baure da Mai'adua, biyu daga cikin biyar ɗin masarautar Daura. Sauran ukun su ne Daura da Sandamu da Zango.

Maganin ba shi da wuyar sha'ani. Mai rabo zai jiƙa ƙwaya a cokali, ya tsaya yaro ya haɗiye a gabansa, sannan ya bar wa uwa na kwana biyu. Wahalar tana wajen tafiyar da mutanen da za su yi wannan, zagaye bayan zagaye daga Yuli zuwa Oktoba, alhali ba ma'aikatan gwamnati ba ne, kuma gonakinsu na jiran noma a daidai wannan lokaci.

Shi ya sa zaɓen mai rabo ya fi horar da shi muhimmanci. Dole ya zama ɗan gari, wanda ya iya karatu da rubutu, wanda kuma mai unguwa ya yarda da shi. Namiji baƙo iyakarsa zaure; mace 'yar unguwa kuwa har ƙuryar ɗaki take shiga, ta san wace ce ta haihu bara, ta san gidan da sai an biyo ta wajen kaka kafin yaro ya buɗe baki. Inda aka bar ɗan siyasa ya cusa sunayen yaransa a jerin, takarda kan cika tsaf, amma yara ba su sha komai ba.

Sama da masu rabo akwai ma'aikacin asibitin mazaɓa. Shi ke fitar da magani da safe, da yamma a zauna a ƙirga: fakiti nawa aka ɗauka, nawa aka bayar, nawa suka dawo. Shi ke bin lungu yana duba alamar alli da masu rabo ke yi a bangon gidan da suka shiga. Idan magidanci ya ce ba za a shigar masa gida ba, ba gardama ake yi ba. Magana takan tafi wurin mai unguwa, in ta gagara ta hau zuwa dagaci, sannan hakimi. Wannan tsani na sarauta, wanda ya kai har fadar Sarkin Daura Alhaji Umar Faruk Umar, shi ne ya taimaka a yaƙi da shan inna kafin a ayyana Najeriya ta rabu da cutar a Agustan 2020.

Sai batun da kowa ke gunaguni a kai: alawus. Kakanni sun san gayya, inda fura da tuwo da kiɗan ganga suka isa sallamar wanda ya zo taya noma, domin ya san gobe za a zo tasa gonar. Mai rabon magani ba shi da wannan tabbaci. Sunansa ɗan sa-kai, amma mai duba shi albashi yake ɗauka duk wata. Idan ɗan kuɗin zagayen farko bai shigo ba har na biyu ya zo, saboda an rubuta lambar asusu ba daidai ba ko suna ya saɓa da na banki, jiki kan yi sanyi, kuma wanda aka horar ya kama hanyar kasuwar Mai'adua.

An kuma gano cewa iyaye mata da yawa kan manta maganin kwana na biyu da na uku. Sai aka ƙara wani rukuni: dattawan mata da ake jin maganarsu a unguwa, waɗanda ke komawa bayan masu rabo sun wuce, su nemi a nuna musu fakitin su ga ko an ɓare shi.