Bashi a Birnin Konni: Yadda ake kai ƙara, da takardar da alƙali zai fara nema

Daga albasar Galmi a gundumar Malbaza zuwa shagunan Birnin Konni, yawancin ciniki da baki ake ƙulla shi. Ɗan ci-rani ya aiko da kuɗi daga Abidjan ko Libiya a juya masa, ɗan kasuwa ya ɗauki buhu ashirin sai ya dawo ya biya. Ranar da amana ta lalace, abin da alƙali zai fara tambaya shi ne shaida.

Mutane da yawa kan fara da mai unguwa, maigari ko sarki, domin dokar Nijar ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta rigingimu irin waɗannan. Idan an daidaita, a nemi a rubuta yarjejeniyar, kowa ya sa hannu.

In sulhu ya ci tura, sai kotu. Konni na da babbar kotu, kuma a 2018 Nijar ta kafa dokar da ta sauƙaƙa shari'ar ƙananan rigingimun kuɗi. Akwai kuma gajeriyar hanya a dokar OHADA, wadda ƙasashe 17 na Afirka ke aiki da ita, har da Nijar: umarnin biyan bashi.

Mai bin bashi zai shigar da takardar koke a ofishin magatakardan kotu, ɗauke da sunansa, sunan wanda yake bi, adadin kuɗin da kuma hujjojinsa. Sharaɗi shi ne bashin ya tabbata, a san adadinsa, kuma lokacin biya ya yi. Idan alƙali ya gamsu, zai ba da umarni ba tare da an kira ɗaya ɓangaren ba. Dole ne ma'aikacin shari'a ya isar da umarnin cikin wata uku, in ba haka ba ya faɗi. Wanda ake bi yana da kwana 10 ya ƙalubalanta, bisa gyaran da aka yi wa dokar a 2023. In ya yi shiru, ana iya neman a ƙwace kayansa a biya bashin.

A tsallaken iyaka ma akwai irin wannan tsari: Legas ta buɗe kotunan ƙananan ƙararraki a 2018, Kano ta biyo baya a 2019. Ga marasa ƙarfi a Nijar kuwa, akwai hukumar ANAJJ mai ba da taimakon shari'a.

Duk waɗannan hanyoyi suna tafiya ne da hujja. Don haka wanda ke aiko da kuɗi daga waje ya adana rasiɗin aike da saƙonnin WhatsApp. Mai ba da kaya bashi kuma ya rubuta adadi da ranar biya a gaban shaidu biyu, ko da ƙaninsa ne ya karɓa.