Bam ɗin Fordo da Ilimin Ƙasar da Muka Yi Watsi da Shi

Bayan da Amurka ta kai hari tashar nukiliyar Fordo ta Iran a watan Yunin 2025, hirar majalisu da gidajen rediyo ba ta wuce nauyin bam ɗin GBU-57 da aka jefa ba, mai kimanin kilo 13,600. An bar jaki ana dukan taiki. Zurfin da bam zai kai ya dogara ne ƙwarai da irin ƙasar da ya faɗa wa, kuma sanin wannan fanni ne mai zaman kansa.

Idan aka harba ƙarfe mai tsini cikin ƙasa, ɗauke da na'urar auna raguwar gudunsa, za a gane inda ya ratsa yashi, inda ya shiga yumɓu, da inda marmara ta tare shi, ba tare da an haƙa rami ba.

Tarihin abin ne ba a faɗa. A ƙarni na 19 injiniyan sojan Faransa, Jean-Victor Poncelet, ya lissafa cewa turjiyar ƙasa iri biyu ce: ɗaya daga taurinta, ɗaya kuma tana ƙaruwa yayin da gudun harsashin ke ƙaruwa. A shekarun 1960 cibiyar bincike ta Sandia a Amurka ta riƙa sako ƙarafa daga jiragen sama tana auna nutsewarsu, har C. W. Young ya fitar da lissafinsa a 1967, wanda ya ba kowace irin ƙasa lambarta. Daga nan ilimin ya haura sararin samaniya. A 2009 hukumar NASA ta rafka gangar roka cikin ramin Cabeus na duniyar wata, aka ga alamar ruwa a ƙurar da ta tashi. A 2019 kumbon Japan, Hayabusa2, ya harba jan ƙarfe mai kilo 2 kan wani dutsen sararin samaniya mai suna Ryugu. Ramin da ya buɗe ya haura mita 10, shaidar cewa saman dutsen sako-sako ne.

To mu fa? Ba mu buƙatar roka. Akwai ƙaramar na'urar da injiniyoyin hanya ke amfani da ita: sandar ƙarfe mai tsini da guduma mai kilo 8, ana bugawa ana duba nutsewarta. Duk da arharta, mutum zai zuba miliyoyi a bene bai san me ke ƙarƙashin harsashin ginin ba. Baƙar lakar yankin Tafkin Chadi, wadda ake kira firgi, tana kumbura da damina, ta tsattsage da rani, ta tafi da kwalta da katanga. Wannan ba ɓoyayyen abu ba ne.

A ganina sakaci ne babba a amince da taswirar bene ko kwangilar titi babu rahoton gwajin ƙasa. Hukumomin tsara birane su mayar da shi sharaɗin da ba a ɗaga wa kowa ƙafa a kansa. Kai kuma mai shirin gini, kafin ka sayi siminti, nemi injiniya ya gwada maka filin.