Matsayin 'Yar Wasa a Finafinan Harshen Dhivehi: Nazarin Sana'ar Niuma Mohamed

Na san akwai wanda zai ce me ya kai taron nazarin harshe da adabi zancen wasu tsibirai da ke tsakiyar Tekun Indiya. Dalilina shi ne, duk lokacin da mu ka zauna tattauna tasirin finafinan Indiya a kan namu, sai mu yi magana kamar mu kaɗai abin ya shafa. Alhali kuwa akwai wata al'umma ta Musulmi, mai harshenta da rubutunta, wadda ta sha daga wannan rijiya, ta kuma fuskanci tambayoyin da mu ke fuskanta. Manufar wannan takarda ita ce ta bi sawun 'yar wasa guda ɗaya daga cikinsu, watau Niuma Mohamed, don a ga yadda sana'ar mace ta ke tashi, ta ke kuma sauyawa, a harshen da masu magana da shi ba su da yawa.

Ƙasar da harshenta

Maldif tarin tsibirai ne kusan 1,190 a kudu maso yammacin Indiya, kuma ba su kai 200 ba waɗanda a ke zaune a cikinsu a matsayin garuruwa. Babban birninta Male. Mutanenta sun karɓi Musulunci a shekarar 1153, sun sami mulkin kai daga Ingila a 1965, sa'an nan ƙasar ta zama jamhuriya a 1968. Harshensu, Dhivehi, ɗan'uwan Sinhala ne na Siri Lanka. A na rubuta shi da baƙaƙen Thaana daga dama zuwa hagu, da wasula irin na Larabci, kuma baƙaƙe tara na farko daga alƙaluman lissafin Larabci a ka samo su. Wanda ya saba da ajami ba zai ji abin baƙo ƙwarai ba.

Ba zan wuce ba sai na ambaci Ibn Baɗɗuɗa, wanda ya yi alƙalanci a waɗannan tsibirai wajen 1343 zuwa 1344, shekaru kaɗan kafin ya zo Mali da Takedda har ya ambaci Gobir. Ya tarar mace ce ke kan gadon sarauta, ya kuma yi ƙorafin cewa ya kasa sa matan ƙasar su yi sutura irin wadda ya ke so. Ashe ke nan gardama a kan fitar mace bainar jama'a tsohuwa ce a can, ba sinima ce ta kawo ta ba.

Abin da ya fi muhimmanci ga batunmu shi ne yawan jama'a. Ƙidayar 2022 ta nuna 'yan ƙasa wajen 382,000 ne, watau ba su kai mutanen Ƙaramar Hukumar Dala ta Kano a ƙidayar 2006 ba. Wannan adadi shi ne iyakar kasuwar duk wani fim na Dhivehi, domin ban da tsibirin Minikoi na Indiya, babu inda a ke jin harshen.

Kasuwar da ta tarar

An buɗe gidan talabijin na ƙasar a 1978, kuma fim ɗin da a ke ɗauka na farko a harshen Dhivehi shi ne Thin Fiyavalhu. Shekara da shekaru rayuwar fim ta rataya ne a kan gidan sinima guda a Male, watau Olympus. Shi ya sa ma'aunin nasara a wurinsu ya bambanta da namu. Mu a zamanin kaset da faifai yawan abin da a ka sayar a kasuwa mu ke dubawa. Su kuwa su kan ƙirga sau nawa a ka nuna fim zaure ya cika maƙil. Idan fim ya cika zaure sau talatin ko arba'in, to, ya yi tashe.

Wannan hali ya na da sakamako a kan 'yar wasa. Finafinan da a ke yi a shekara kaɗan ne, fuskokin kuma su ne dai a ke ta maimaitawa. Ba ta da inda za ta ɓuya, domin masu kallonta maƙwabtanta ne da dangin maƙwabtanta, a birnin da mutum zai ratsa da ƙafa cikin ƙasa da sa'a guda. Mai shirya fim kuma ba shi da halin yin kasada da kuɗinsa. Ya san jama'a sun saba da finafinan Bombay, don haka hanya mafi sauƙi ita ce ya ɗauko labarin da ya riga ya karɓu, ya sa masa sunaye na gida, ya ɗora baitocin Dhivehi a kan karin waƙar Indiya.

Shekarun kwaikwayo

An haifi Niuma Mohamed a 1977, ta shiga harkar fim a tsakiyar shekarun 1990, lokacin da taurari irin su Mariyam Nisha ke tashe. Misali mafi bayyana na aikin wannan zamani shi ne Hiyy Halaaku na shekarar 2000, wanda a ka gina a kan Kuch Kuch Hota Hai na 1998, ta fito a cikinsa tare da Yoosuf Shafeeu da Sheela Najeeb. Ba sai na faɗa wa wannan zaure labarin fim ɗin Indiyan ba, don kusan kowa a nan ya gan shi, ko ya ga inuwarsa a wani fim na Hausa.

Masu suka su kan yi saurin yanke hukunci a kan irin wannan aiki da cewa sata ce kurum. Ni dai ina ganin hukuncin ya yi gaggawa. Gaskiya ne labarin aro ne, amma 'yar wasan da a ka ce ta maimaita abin da tauraruwar Indiya ta yi dole ta warware matsalolin da ita tauraruwar ba ta san da su ba. Yaya za ta nuna ƙauna ba tare da ta ƙetare abin da iyayenta da malaman garinsu za su lamunta ba? Yaya za ta faɗi magana mai taushi a harshen da ke da matakan girmamawa, inda kalmar da za a yi wa babba dabam ta ke da ta tsara? A wurin warware waɗannan ne ta ke koyon sana'a. Abin zargi shi ne a dawwama a nan, kuma wasu sun dawwama.

Haɗuwa da Fathimath Nahula

Sauyi na farko a sana'arta ya zo ne ta hannun wata mace, Fathimath Nahula, marubuciyar labarai wadda ta koma shirya fim da ba da umarni. Wannan tafiya daga alƙalami zuwa kyamara za ta tuna mana da Balaraba Ramat Yakubu. A Kalaayaanulaa na 2003 Nahula ta ba Niuma matsayin ƙawar ƙuruciyar wani magidanci, wadda ya aura a kan matarsa. Watau dai zancen kishiya, wanda fim ɗin Indiya ba zai iya ba su ba, domin ba haka auren yawancin masu kallon Bombay ya ke ba. Aure da saki kuwa ba ƙaramin al'amari ba ne a Maldif. Ƙasar ta daɗe cikin waɗanda su ka fi yawan mutuwar aure a duniya, har a ka kafa dokar iyali a 2000 wadda ta sa sai an bi ta kotu kafin a yi saki.

A 2008 su ka sake haɗuwa a Yoosuf, labarin wani kurma da masu hali su ke wulaƙantawa. Fim ɗin ya cika zaure sau 45 kafin a sace shi a baza a intanet. A shekarar da ta biyo baya ta fito a Happy Birthday na Moomin Fuad, labarin mutumin da a ka yi wa waya ranar bikin haihuwarsa cewa an sace matarsa da ɗansa. Masu sharhi sun yaba, ya kwashi kyaututtuka, amma 'yan kallo ba su je ba. A cikin shekaru biyu ke nan ta ga fuskoki biyu na ƙaramar kasuwa: wanda ya karɓu ɓarayi sun cinye shi, wanda ya kauce wa abin da a ka saba kuma zaure ya ƙi cika.

Fim ɗin Niuma

A 2010 ta ba da umarni da kanta a karo na farko, ta kuma fito a matsayin jaruma, a fim mai sunanta, Niuma. Labarin yarinya ne da mazajen gidansu su ke lalata da ita. A nan na ke so in ɗan daɗe, domin a ganina wannan ne aikin da ya raba ta da sauran tsaranta.

Sai a lura da lokacin. A 2007 wani binciken gwamnatin ƙasar ya nuna mace ɗaya cikin uku, tsakanin 'yan shekara 15 da 49, ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi na lalata. A 2008 a ka yi sabon tsarin mulki da zaɓen jam'iyyu da yawa, wanda ya kawo ƙarshen shekaru talatin na mulkin Maumoon Abdul Gayoom, bakin jama'a ya buɗe. A 2009 majalisa ta yi doka ta musamman a kan masu lalata da yara, a 2012 kuma ta yi ta hana cin zarafi a cikin gida. Ba na cewa fim ne ya haifar da dokokin nan, don ɗaya ma ta riga shi. Abin da na ke cewa shi ne ya faɗo a tsakiyar maganar da al'umma ta fara yi da kanta, ya ba ta fuska da murya.

Akwai kasada iri biyu da ta ɗauka. Ta farko ta kasuwa ce: 'yan kallon da su ka saba zuwa sinima don waƙa da soyayya an kawo musu abin da a ke rufewa a ɗaka. Ta biyu ta mutunci ce, kuma ita ta fi nauyi. A ƙaramar al'umma jama'a ba su cika raba 'yar wasa da matsayin da ta fito a ciki ba, ga shi kuma ta ba jarumar sunanta na yanka. Tauraruwar da ta yi shekara goma sha biyar ta na gina suna a matsayin abar so ta yarda a gan ta a wulaƙance, cikin kuka da tsoro. Fim ɗin ya karɓu wurin masu sharhi da 'yan kallo baki ɗaya, ya kuma jawo mata kyautar gwanar 'yan wasa. Ya nuna cewa abin da ya hana Happy Birthday kasuwa ba rashin waƙa da rawa kaɗai ba ne. Shi salonsa ne baƙo, alhali kuwa ciwon da Niuma ya taɓa na cikin gida ne, kowa ya san wata da abin ya shafa.

A nan ne kwatanci da namu ya ke da amfani, ya ke kuma da iyaka. Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001, kuma mun ga yadda ƙungiyar masu shirya fim ta dakatar da Rahama Sadau a 2016 saboda fitowa a wata waƙa. A wurinmu yawancin rigimar a kan jikin 'yar wasa ta ke tsayawa, me ta sa, wa ta taɓa, kuma aure kan kawo ƙarshen sana'ar mata da dama tun ba su kai ga riƙe ragamar aiki ba. Niuma ta daɗe a fagen har ta kai matsayin da ita ke zaɓen labari. Ba ƙarancin basira ne ya hana namu ba, tsawon zama ne ba su samu.

Ƙarshen fitowa

Fim ɗin da a ka sanar a matsayin na ƙarshe da za ta fito a ciki shi ne Nivairoalhi na Moomin Fuad, a 2019, inda ta fito a matsayin mace mai fama da ciwon damuwa. Ta na da shekara 41 a lokacin. Kafin nan sababbin fuskoki irin su Mariyam Majudha sun taso tare da kamfanin Dark Rain Entertainment, da finafinai irin su Vaashey Mashaa Ekee na 2016, masu labarin matasan Male na wannan zamani. Kasuwar ma ta sauya, don manhajar Baiskoafu ta fara kai finafinai da wasanni masu dogon zango cikin wayar hannu, sa'an nan annobar 2020 ta rufe gidajen sinima na wani lokaci. Wannan ya sa mutumin tsibiri mai nisa, wanda a da sai ya hau jirgin ruwa ya je Male ko ya jira faifai, ya shiga lissafin masu shirya fim, kuma ƙirgen cikar zauren Olympus ya daina zama ma'auni shi kaɗai.